Baba da Jigon Rufaffiyar Ƙofa

A gidanmu na Barnawa ba a cin abinci haka kawai, sai an fitar da jigonsa. Idan gishiri ya yi yawa a miya, mu yara mu kora da ruwa mu yi shiru. Baba kuwa sai ya ajiye lomarsa, ya gyara zaman tabarau, ya ce wannan alama ce ta fushin da ba a furta ba. Mama ta ce a'a, alama ce ta murfin gwangwanin gishiri da ya kwance, in kuma fushin da ake furtawa yake so, to ya ci gaba da magana. In an ɗauke wuta, duhun jahilci ne ya rinjayi hasken ilimi. Wata rana akuyar maƙwabta ta shigo ta far wa alayyafon Mama, Baba ya tsaya yana kallonta har ta share shi tas, wai ga jari-hujja nan a fili.

Malamin adabin Turanci ne. Ya koyar a makarantun sakandare har ya yi ritaya, ritayar ma a takarda ta tsaya. 'Ya'yan mutane suka huta, mu muka gaji darasin. Ko a coci bai ƙyale kowa ba. Fasto na wa'azi, Baba na kaɗa kai a kujerar dattawa, jama'a na cewa kai, maganar ta shigi dattijon nan. Ina! Ya gano ne gabatarwar ta yi tsawo, kuma har aka ce amin ba a warware jigo ba.

Littattafai sun cika mana falo, irin tsofaffin labaran Turawan nan masu kauri, waɗanda za a cinye shafuka ana kwatanta labule kafin maigidan ya yi tari. Amma guda ɗaya ne ɗan gata. Baba ya saye shi ne tun yana sabon malami, a wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a bakin kasuwa. Bangonsa ya koɗe, takardunsa sun yi launin shayi, kowane gefen shafi ya sha fensir. Ba a taɓa shi. Mama ma in tana goge kanta sai ta zagaye shi kamar mai zagaye kwantaccen kare.

Labarin wa da ƙane ne a wani ƙauyen Ingila inda ruwan sama ba ya gajiya. Ubansu ya mutu ya bar musu gona. Wan ya yi wa ƙanen komai, ƙanen ya raina gonar, ya yaɓa wa wan baƙar magana a gaban mutane, ya hau jirgin ruwa ya tafi neman duniya. Daga nan sai ruwa, sai sanyi, sai shan shayi, shafi bayan shafi. Can a shafin ƙarshe, ana tafka ruwa, wani ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wan yana zaune a gaban murhu. Ya ji, ya gane bugun, bai tashi ba. Shi ke nan. Ko 'yar kalmar nan da Turawa ke sawa don a san an gama babu.

“Nan gwanintar take!” in ji Baba, yana buga tebur har kofuna su yi rawa. “Ƙaramin marubuci ne ke buɗe ƙofa. Babban marubuci ya san cewa mutunci in ya rufe ƙofa, to ta rufu. Dubi yadda ya ajiye alƙalami ba tare da ya ce uffan ba. Wannan shirun ya fi babi goma.”

Jigogi uku ya fitar daga littafin: butulci, mutunci, da ita uwa-uba rufaffiyar ƙofa. Mun haddace su tun kafin mu haddace lissafin sau. Shi ya sa babu wanda ya taɓa karanta littafin a cikinmu. Wa zai nemi wahalar karanta abin da ake zuba masa da koko kowace safiya? Ɗalibansa ma ba su nema ba, tunda ba ya cikin littattafan jarrabawa, kuma ɗalibi ba ya karanta abin da ba za a tambaye shi ba ko da an ɗaure shi.

Da a takarda abin ya tsaya, da da sauƙi. Matsalar ita ce Baba yana da ƙane.

Baba Ƙarami muke kiransa. Bayan rasuwar kakanmu, Baba ne ya ɗauko shi daga ƙauyenmu na kudancin jihar ya kawo shi Kaduna, suka zauna ɗaki ɗaya, ya sa shi a kwalejin horon malamai. Burin Baba shi ne a ce ga malamai biyu 'yan gida ɗaya. Baba Ƙarami kuwa ya dubi alli, ya dubi takalmin wansa da ya sha ɗinki, ya ce shi kam a kai kasuwa. Ya bar karatu, ya koma Gonin Gora bakin titin Abuja ya kama faci, daga faci ya koma sayar da tayoyi, har ya buɗe babban shago ya ajiye tumbi. Mutum ne mai baki, mai dariya da ƙarfi, kuma taurin kansa bai bar na wansa da komai ba. Kada wani ya ɗauka salihi ne.

Ina 'yar firamare aka yi faɗan. Ranar Kirsimeti ce, falo cike da baƙi, har da dattawan coci da wani Alhaji abokin Baba da ke zuwa daga Tudun Wada cin shinkafa duk shekara. Baba ya ɗauko littafin ya fara laccar butulci, yana yi yana satar kallon ƙanensa, har makaho ya san da wa ake. Baba Ƙarami ya gaji. Ya ajiye ƙashin kazar da ke hannunsa ya yi dariya.

“Yaya, don Allah ka bar mu mu ci abinci. Littafin nan fa ba ka karanta shi duka ba.”

Tabɗi! Ka ce wa Baba ɓarawo, zai nemi hujja. Ka ce masa matsiyaci, zai ce ai malamai duk haka suke. Amma mai faci ya ce masa bai karanta littafinsa ba, a gaban dattawa? Ya miƙe ya nuna ƙofa. Baba Ƙarami ya buɗe baki zai ƙara magana, Baba ya daka masa tsawar da ta sa Alhaji ya ƙware da lemo. Shi ma ƙanen zuciya ta ɗebe shi, ya suri makullin motarsa ya fice. Baba ya bi bayansa ya danna sakata, ya dawo ya zauna, fuskarsa har da wani ɗan annuri. Na rantse, a ranar ya ji kansa a cikin littafi.

Daga nan ba su ƙara magana ba. Na gama firamare, na gama sakandare, na gama jami'a, na kama aiki, ƙofa tana nan a rufe. A shekarun farko Baba Ƙarami yakan zo duk Kirsimeti ya buga ƙofar gida. Baba ya ji, ya gane bugun, ya gyara zama ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Murhu ne kawai babu, sai fanka. Fasto ya zo ya yi maganar gafara, Baba ya saurare shi tsaf sannan ya gyara masa tsarin hujjojinsa. Dattawan ƙauye suka aiko, ya yi biris da su. A ƙarshe Baba Ƙarami ya daina bugawa. Mu dai mukan saci jiki mu je Gonin Gora, mu dawo mu ce daga wajen gyaran gashi muke.

Bara, da farkon damina, matar Baba Ƙarami, wadda muke kira Anti, ta bugo wa Mama waya tana kuka. Hawan jini ya kayar da mijinta a shago, ɓarin jikinsa ya shanye. An sallamo shi daga asibiti, amma likita ya ce in ya ƙara faɗuwa sai dai addu'a. Mama ta faɗa wa Baba muna cin tuwo. Na ga hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Na ce yau kam za a yi ta ta ƙare. Sai ya ɗago ya ce, “Allah ya ba shi lafiya,” da irin muryar da ake yi wa baƙon da aka gani a jarida addu'a. Na ji kamar in kife masa miyar a ka. Tsoro nake ji ƙwarai, kada mutumin nan ya mutu wansa yana zaune yana kwaikwayon wani Bature da bai taɓa wanzuwa ba.

Maimakon ya je dubiya, sai Baba ya ɓullo da sabon aiki. Zai wallafa ɗan littafin nazari a kan jigogin nan uku, don amfanin al'umma, ita al'ummar da ba ta roƙe shi ba. Ya jibgo min takardun da ya rubuta da hannu, ya ce tunda ina da kwamfuta a ofis in buga masa. Na fara bugawa ina tsaki. Akwai babi guda cur a kan ƙofa. Akwai wani a kan shirun marubuci. Har da sakin layi na yabon masu ɗinkin littafi na ƙasar Ingila, wai dubi yadda suka manne bangon baya da wani baƙin gam mai ƙarfi, shekaru sun shuɗe ko gezau bai yi ba, ba irin aikin ha'incin zamanin nan ba.

Rubutun Baba ya tsufa tare da shi, wasu kalmomin sai ka rantse kaza ce ta bi ta kan takardar. Na kasa karanta wata jimla da ya kwafo daga littafin, kuma na san ko zan mutu ba zai ba ni ɗan gatan in duba ba. Sai na nemi littafin a intanet. Tsohon littafi ne, kyauta ma ake samunsa. Na sauke shi a waya, na gangara can ƙasa ina neman bugun ƙofa. Na same shi. Wan yana zaune gaban murhu, ya ji, bai tashi ba. Na sa yatsa na ja shafin don in rufe, sai ya ci gaba da tafiya.

Akwai wani babi. Bayansa akwai wani. Bayan wannan ma akwai.

Ina zaune a ofis da tsakar rana, na duƙufa karantawa. A jimlar farko ta babin da ke biye, wan ya tashi ya zare sakata. Ko ɗan jan aji bai yi ba! Ƙanen ya shigo a jiƙe sharkaf, ga rama ga tari. Ba wanda ya yi jawabi. Wan ya ce masa ya cire takalmin nan kada ya ɓata masa daɓe, ya miƙa masa bargo. Sauran babukan duk jinya ce da 'yan faɗace-faɗace a kan gona, har aka kai ga kalmar nan ta nuna an gama, wadda Baba ya ce manyan marubuta ba sa rubutawa. Ga ta nan ɓaro-ɓaro, da manyan baƙaƙe.

Dariya na fara yi, har abokiyar aikina ta leƙo. Sai dariyar ta yanke, don na tuna ƙashin kaza da muryar Baba Ƙarami. Ashe ba zagi ba ne. Gaskiya tsagwaronta mutumin ya faɗa, aka kore shi a kanta.

Yadda za a faɗa wa Baba shi ne aiki. Na yi ta juya abin a raina a hanya. In na yi shiru, ya wallafa littafinsa, wani ɗan jami'a mai waya ya tona masa asiri a bainar jama'a. In na faɗa, na rushe masa abin da ya jingina da shi tun kafin a haife ni. Amma ba littafinsa ne ya dame ni ba, Allah ya sani. Mutumin da ke kwance a Gonin Gora ne.

Na tarar da shi a baranda da yamma yana shan shayi, Mama na gefe tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe shi, gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, har ya dube ni ta saman tabarau.

“Ke 'yar nan, me kika fasa?”

“Baba, littafin nan naka, ina ga bai cika ba.”

“Wane littafi?”

“Ɗan gatan. Akwai sauran babuka bayan bugun ƙofa. An buɗe ƙofar, Baba.”

Mama ta daina tsintar wake. Baba ya yi murmushin da yake yi wa ɗalibin da ya ba da amsar wauta da ƙarfin hali.

“A waya kika gani ko? Wayar da ake cewa ruwan gishiri na maganin kowace cuta?”

Na ce ya ba ni dama in karanta masa. Ya ɗaga hannu, wato bismilla, ki kunyata kanki. Na fara daga shafin da ya haddace, yana bina da baki. Na tsallaka zuwa babi na gaba. Ban yi nisa ba na ga leɓensa ya daina motsi. Mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin salon marubuci ɗaya ba ya bukatar a rantse masa. Ya ji muryar, ya gane ta. Shayinsa ya huce a hannunsa. Tausayinsa ya kama ni har na so in tsaya, amma na daure na kai ƙarshen babin.

Ya ajiye kofin shayin. Na ɗauka an gama. Ashe ban san ubana ba.

“Ya lalata littafin,” in ji shi. “Masu ɗab'i ne suka matsa masa. Haka suke yi a zamanin, sai an ba 'yan kasuwa ƙarshen da za su share hawaye da shi. Littafin na gaskiya a bugun ƙofa ya ƙare. Nawa ne daidai.”

“Haba Baba! Wato marubucin ma bai fahimci littafinsa ba?”

“Sau da yawa ba sa fahimta. Shi ya sa ake da manazarta.”

Na ce to, mun ji, marubuci ya yi kuskure. Baba Ƙarami fa? Shi ma kuskure ya yi da ya ce ba a karanta duka ba? Nan ya haɗe rai, sai kuma na ga idonsa ya yi haske irin na lauyan da ya samu kafa.

“Yauwa. Ko a wannan ƙarshen naku na waya, wa ya zo wajen wa? Ƙaramin ne ya dawo ya buga. Babban bai taka ko'ina ba. In littafi za a bi, to a bi shi daidai. Ya zo.”

“Baba, mutumin da ko banɗaki sai an ɗauke shi?”

“Ni dai abin da nassi ya nuna na faɗa.”

Sai Mama ta ajiye faifan wake. Mama ba ta karanta adabi ba, kuma ba ta taɓa nuna tana da niyya ba. Abin da take da shi haƙuri ne, shi ma a ranar ya ƙare.

“Malam, ka ji tsoron Allah,” ta ce. “Bai zo ba? Kirsimeti nawa ya tsaya a ƙofar nan yana bugawa kana zaune kana karkaɗa ƙafa? Kuma da ya daina bugawa, ka ɗauka daina zuwa ya yi? Doyar da kake ci duk ƙarshen shekara kana cewa alamar albarkar ƙasa ce, daga sama take faɗowa? Ta ƙofar baya nake karɓa, shi yana cikin mota a bakin layi yana leƙen barandar nan ko zai hango ka. Shi ya yi nasa babin tuni. Kai ne ka maƙale a shafi ɗaya har ka yi furfura.”

Ta ɗauki wakenta ta shige ciki. Baba bai nemi jigon wannan jawabi ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ranar ko tuwo bai ci ba.

Kwanaki suka wuce, ni kuma duk lokacin da wayar Mama ta yi ƙara sai in kasa kunne in ji ko daga Gonin Gora ne. Ran wata Asabar da hantsi sai ga shi ya fito cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ɗan gatan a hammata.

“Ke, ɗauko makullin motarki. Burodi nake so.”

“Ga shago nan a bakin layi, Baba.”

“Na Gonin Gora nake so. Ya fi laushi.”

Mutumin da ya hana a ambaci sunan Gonin Gora a gidansa, yau shi ya san laushin burodinta. Na tada mota. Har muka hau titin Abuja leɓensa na ta motsi, na san jawabi yake tsarawa. Da muka isa, masu burodi suka yanyame motar suna tura ledoji ta taga. Ya sayi har ya fi ƙarfin hannunsa. Sannan ya ce, yana kallon gaba, tunda an riga an zo, ai sai a ƙarasa.

Na san abin da ya shirya. Zai tsaya a bakin ƙofa, ya buga a hankali, a buɗe masa, ya yi jawabinsa mai gabatarwa da kammalawa. To, da muka isa gidan, ƙofar a wangale take, an tokare ta da tsohuwar taya don iska ta shiga wa marar lafiya. Shekara da shekaru mutum yana nazarin ƙofa, ya zo bai samu ko wadda zai buga ba. Ya tsaya da hannu a sama kamar mai tsayar da keke. Anti ta fito da bokiti, ta gan shi, ta saki bokitin ta durƙusa tana “Yaya! Yaya, sannu da zuwa,” hawaye na zuba. Dole ya shiga haka nan, da burodinsa.

Baba Ƙarami na kwance a kan katifa a falo. Tumbin nan duk ya zube, bakinsa ya karkace gefe guda. Shi da Baba suka kalli juna.

“Yaya,” ya ce, maganar na fita da ƙyar. “Ka tsufa.”

“Kai ma ba wani kyau ka yi ba.”

Jawabin da aka tsara tun daga Barnawa ke nan. Anti ta kawo kujera, Baba ya ƙi ta, ya zauna a bakin katifar da kwat ɗinsa. Ya zaro littafin ya ɗora a cinya.

“Ya aka yi ka sani?”

Baba Ƙarami ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa. Ya ba da labarin a gutsure, yana hutawa, Anti na goge masa yawu. Lokacin da suke ɗaki ɗaya, Baba ya sayo littafin yana binsa a hankali da ƙamus da fensir, damina guda bai kai rabi ba. Shi kuwa in wansa ya tafi makaranta sai ya sace shi ya karanta a gurguje, don kawai ya ga wa zai mutu. Ranar da ya gama, ya bar shi a ƙasa ya fita ƙwallo. Aka yi ruwa, ruwan ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya jiƙa bayan littafin har takardun suka zama kamar fura. Tsoron duka ya kama shi. Ya sa reza ya yanke su daidai inda wani babi ya ƙare, ya busar da bangon da dutsen guga, ya ruga wajen mai gyaran keke ya roƙo gam.

“Har ka tambaye ni ko littafin ya rame,” ya ce. “Na ce idonka ne.”

Baba ya juya littafin ya zuba wa baƙin layin gam ɗin nan ido.

“Gam ɗin faci ne wannan?”

“Na faci ne.”

“Na rubuta sakin layi guda ina yabon Turawa a kansa!”

“To ai ka ga bai ɓalle ba, Yaya. Aikina ba ya ɓallewa.”

Baba ya ɗaga littafin sama, na ce shi ke nan, dukan da aka guje wa tun suna samari yau zai sauka a kan marar lafiya. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka dariya ce, kuma da farko dariyar ce. Daga baya ya cire tabarau ya rufe fuska da hannun kwat. Ban taɓa ganin ubana yana kuka ba sai ranar, kuma ni ma ban tsaya kallo ba, nawa nake yi.

“Ranar Kirsimetin nan shi na so in faɗa maka,” in ji Baba Ƙarami. “Bakina ne ba shi da linzami. Da ka buɗe ko sau ɗaya, da na ƙarasa.”

“Da ka faɗa ta taga.”

“Da ka tambaya.”

Suka fara musu a kan wa ya fi laifi, Anti na roƙonsu su tuna da hawan jini. Can Baba Ƙarami ya ce shi fa ya manta yadda labarin ya ƙare, ya dai san an buɗe ƙofa, amma ko wan ne ya mutu ko ƙanen ko doki, oho. Ya ce in karanta musu. Na zauna a ƙasa na karanta daga waya. Ban kai ko'ina ba Baba Ƙarami ya yi barci, da minshari. Na dubi Baba ina jiran ya ce barcin alama ce ta wani abu. Ya ce in rage murya, ya ja bargo ya rufe wa ƙanensa ƙafa.

Daga ranar gidanmu ya koma gidan burodi. Yau Baba na son na Gonin Gora, jibi ma haka. Muka ci har muka gaji, Mama ta riƙa rabawa maƙwabta, akuyar jari-hujja ma ta samu rabonta. Bai taɓa cewa dubiya za shi ba, ko sau ɗaya. Burodi dai.

Damina na ƙarewa Baba Ƙarami ya sake faɗuwa, bai tashi ba. Baba na riƙe da hannunsa.

Littafin nazarin ba a wallafa shi ba, al'umma ta yi asara. Bayan an share makoki na sayo wa Baba sabon bugu na labarin, cikakke, mai bango mai sheƙi. Ya yi godiya, ya sa shi a kanta, har yau yana cikin ledarsa. Tsohon ne dai a hannunsa kullum a baranda, sai dai yanzu ba ya buɗe shi. Kife shi yake yi a cinya, yana bin baƙin layin nan da babban yatsa, daga sama zuwa ƙasa.

Rannan na kawo masa shayi na tarar da shi a haka. Na so in tsokane shi ko ya ɗan saki fuska.

“Baba, shi wannan gam ɗin alamar mene ne?”

Bai ɗago ba.

“Ba alamar komai ba ne,” ya ce. “Gam ne. Ƙanena ne ya shafa shi.”